WA ZAI RIƘE SIKELI A KASUWAR HAIDUROJIN?



Akwai wata magana da ta yi shekaru tana yawo a ɗakunan taro na Barlin da Burasal da Dubai. Ba ta iso kasuwarmu ba tukuna, amma tana tafe. In kuwa ba mu tarye ta a hanya ba, za ta iso mana da sikelinta da hatiminta da kuɗinta a yanke, kamar yadda cinikin gujiya ya iso wa kakanninmu. Maganar nan ita ce ta wata haja da a ke kira haidurojin mai tsabta, da takardar shaidar da za a riƙa ba ta kafin a saye ta. Mu da mu ke tsaye gaban allo kullum muna koya wa 'ya'yanku lissafi, mun ga ya wajaba mu juya maganar da Hausa, mu yi mata lissafin aji, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

MENE NE HAIDUROJIN?

Ruwan nan da mata ke ja daga rijiya, iska iri biyu ne Allah ya haɗa. Ɗaya ita ce wadda mu ke shaƙa mu rayu. Ɗaya kuwa ita ce haidurojin, iskar da ta fi ko wace iska rashin nauyi, mai saurin kama wuta. In aka saka wa ruwa wutar lantarki cikin wani inji sai ya rabu, iskokin nan biyu su fito ko wace ta hanyarta. In aka ƙona haidurojin kuma sai ta koma ruwa, ba toka, ba baƙin hayaƙi.

Kada wani ya ruɗe ku ya ce sabon abu ne. Duniya ta daɗe tana aiki da ita. A 2023 an yi amfani da wajen tan miliyan 97, yawanci a matatun mai da masana'antun takin zamani, domin da ita a ke yin amoniya, amoniya kuwa ita ce uwar uriyar da mu ke zuba wa aya da gero. Amma kusan dukanta daga iskar gas da kwal a ke tatso ta, kuma ko wane kilo 1 da aka tatso daga gas ya kan saki wajen kilo 10 na hayaƙin kabon, irin wanda ke ɗumama duniya yana birkita damina. Na kwal ya kusa ninka haka. Wadda aka yi ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

To, Turawa da Japanawa suna so su ci gaba da narka ƙarfe da tuƙa jiragen ruwa ba tare da wannan hayaƙi ba, amma ranarsu ba ta da ƙarfi, filinsu kuwa ya cika. Sai suka ɗaga kai suka dubi inda rana ta ke. A 2021 ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ta fitar da taswirar haidurojin ta Afirka ta Yamma, inda aka lissafa ranarmu da iskarmu da filinmu, har da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu. A watan Fabrairu 2022 wani kamfanin Jamus ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Nijar ta lokacin a kan binciken wannan sana'a. A watan Mayu na shekarar, da yaƙin Rasha da Yukuren ya tsorata Tarayyar Turai a kan gas, sai ta ce tana son ta riƙa sayen tan miliyan 10 daga waje zuwa 2030. A 2023 ƙungiyar CEDEAO ta amince da manufar yin rabin tan miliyan a shekara zuwa 2030, da tan miliyan 10 zuwa 2050. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025, amma fitarta ba ta goge mu daga taswirar ba.

Mu kuwa mun san taswira. Da taswira aka raba Maraɗi da Katsina a yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, ba a tambayi Bakatsine ko ɗaya ba.

TAKARDA ITA CE HAJAR

Nan ne gizo ke saƙar. In ka kai aya kasuwa, mai saye zai ɗiba ya duba, ya tauna, ya san babba ce ko ƙarama, sabuwa ce ko tsohuwa. Haidurojin ba haka ta ke ba. Wadda aka yi da hasken rana da wadda aka tatso daga kwal, in ka zuba su a tulu biyu, babu masanin da zai iya rarrabe su, domin iska guda ce. Amma mai tsabtar ta fi tsada ninki biyu ko uku. Me zai sa mai saye ya biya kuɗin da ya ɗara? Takarda. Takardar da ta ce an yi wannan kaya a wuri kaza, da wuta iri kaza, hayaƙinsa bai wuce kaza ba. Watau a wannan kasuwa takardar ita ce hajar. Wanda ya rubuta ƙa'idar takardar, ya naɗa mai dubawa, ya riƙe hatimi, shi ne sarkin kasuwa, ko da bai mallaki taƙi ɗaya na rana ba.

Wa ya rubuta ƙa'idar? A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokarta, ta ce ta hau kan kayan gida da na waje baki ɗaya. Ta ce wutar da aka raba ruwan da ita ta fito daga sabuwar tashar rana ko ta iska. Ta ce lokacin da tashar ta ba da wuta ya dace da lokacin da injin ya yi aiki, a lissafin wata wata har ƙarshen 2029, daga 2030 kuma a lissafin awa awa. Ta ce hayaƙin kada ya wuce kilo 3.38 ga ko wane kilo na haidurojin. Dokar Amurka ta 2022 ta sa iyakarta a kilo 4. Ingila ta sa tata a kilo 2.4. Kun ga tiya uku ke nan a kasuwa ɗaya. A watan Disamba 2024 Turai ta amince da ƙungiyoyi uku da za su riƙa ba da takardar, CertifHy da ISCC da REDcert, dukansu na Turai.

Da ƙasashe suka ga tiyoyi sun yi yawa, sai fiye da 30 daga cikinsu suka sa hannu a taron sauyin yanayi na Dubai, a watan Disamba 2023, cewa za su yi aiki domin kowa ya yarda da takardar ɗan'uwansa. A taron ne kuma hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fito da hanyar lissafin hayaƙin mai lamba 19870.

Bari mu faɗi gaskiya, domin ba mu zo yin ƙarya a kan kowa ba. Haɗa tiya abu ne mai kyau. Ko wane ɗan kasuwa ya san tiya ɗaya ta fi uku, kuma wanda a ke cuta da yawan tiyoyi talaka ne. Ƙa'idar sabuwar tasha ma tana da amfani gare mu, domin ta hana a tsotse 'yar wutar da ke cikin wayoyinmu a yi hajar fitarwa da ita. Abin da mu ke tambaya shi ne, tiyar nan, wa ya sassaƙa ta, me ta ke aunawa, me ta ke bari, kuma a hannun wa za ta zauna ranar kasuwa?

ABIN DA GUJIYA TA KOYA MANA

Ku tambayi tsofaffin Cadawa labarin gujiya, wadda mutanen Kano ke kira gyaɗa. Garin nan kasuwarta ne tun zamanin Nasara. Manomi ya yi damina yana noma, ya roro, ya ɓare, ya ɗora wa jaki ya kawo. Sikeli na kanti ne, akawun da ke karanta sikelin na kanti ne, kuɗin kilo an yanke shi tun daga nesa. In an ce akwai ƙasa a cikin buhu a rage, in an ce da danshi a rage, manomi bai iya karanta lambar ba balle ya yi gardama. Kafin ya ƙirga abin da aka ba shi, mai karɓar lanho yana tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962, sikeli ya dawo hannun 'yan ƙasa, aka yi murna. Amma me ya biyo baya? Sikeli ya dawo, kuɗin kilo da ƙa'idar kaya ba su dawo ba. Faransa tana sayen gujiyarmu a kan kuɗin da ya ɗara na kasuwar duniya, sai dokokin kasuwar Turai da yarjejeniyar Yawunde ta 1963 suka sa ta janye wannan ƙari kafin shekarun 1960 su ƙare. Fari ya zo a 1973, cutar da ta naɗe ganyen gujiya ta zo a 1975, kasuwa ta watse. Ƙasar da aka tsotse shekara da shekaru ita aka bar mana.

Ga kuma ƙa'idar guba. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya da aka kai daga Barazil, daga nan aka gano gubar funfuna da a ke kira afalatoksin. Gubar gaskiya ce, tana cin hanta, tana cutar da yaranmu kamar yadda ta ke cutar da nasu. A 1998 Turai ta tsananta doka, ta ce gujiyar da za a ci kai tsaye kada gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Suna da ikon tsare cikinsu. Amma ɗakin gwajin yana can, kuɗin gwajin a wuyan mai sayarwa, in sun ce kaya bai yi ba, shi ke nan bai yi ba. Manomin Afirka bai zauna wurin da aka yanke lambar ba.

Fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka sa mata suna fatar Maroko. Ayar da matanmu ke tankaɗe ƙasa cikin ƙura suna tsincewa a Cadawa da Agye da Gazawa, tana zuwa Sifen a yi kunun aya da ita. Manoman Balansiya na Sifen sun yi wa tasu ayar hatimi na doka mai ɗauke da sunan yankinsu, hatimin yana ƙara mata daraja. Tamu fa, da sunan wa ta ke shiga kofi?

Na ƙarshe shi ne uraniyum. Tun 1971 a ke haƙarsa a Arlit, ya yi shekara 50 yana taimakon haskaka biranen Faransa. Ƙasar da ya fito daga cikinta kuwa, wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba. Mu nan wutarmu daga Katsina ta ke shigowa ta wayar da ta sauka Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agusta 2023 aka katse wutar Najeriya saboda takunkumi, ba a maido ta ba sai Maris 2024. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kada kowa ya ga laifinsa.

LISSAFIN AJI

Ku ɗauko allo. Kilo 1 na haidurojin yana cin wutar lantarki kilowat-awa 50 zuwa 55. Ƙwan fitila mai wat 10, in aka kunna shi awa 4 ko wane dare, kilowat-awa 50 za ta riƙe shi dare 1,250, watau fiye da shekara 3. Kilo ɗaya tak, shekara uku na karatun dare ga yaro.

Rabin tan miliyan ɗin da CEDEAO ta ambata, kilo miliyan 500 ke nan. A ninka da 50, ya zama kilowat-awa biliyan 25. Dukan wutar da Nijar ke sha a shekara, daga Yamai har Diffa, ba ta kai biliyan 3 ba. Tashar hasken rana ta Goru Banda da aka buɗe a 2023 megawat 30 ce, ta Malbaza ta 2018 megawat 7. Madatsar Kandaji mai megawat 130 tun 2008 aka aza harsashinta.

Sai ruwa. Ko wane kilo yana cinye lita 9 na tsarkakakken ruwa, wannan ba makawa, haka halittar ta ke. In aka haɗa da na tacewa da na sanyaya inji sai ya kai lita 20 ko 30. A lita 9 ɗin ma, kilo miliyan 500 zai sha lita biliyan 4 da rabi, watau ruwan mutum fiye da 600,000 na shekara guda in kowa yana samun lita 20 a yini. Ba mu ce ya fi abin da noman rani ke sha ba. Abin dubawa shi ne daga ina za a ja shi. Namibiya da Muritaniya da Maroko suna bakin teku, za su tace ruwan gishiri. Mu tekunmu yana ƙarƙashin ƙafafunmu, shi ne kuma rijiyar gari, shi ne mashayar shanu. In aka kafa babbar rijiyar burtsatse kusa da rijiyar ƙauye, kowa ya san wadda za ta fara ƙafewa.

ABIN DA SIKELINSU BA YA AUNAWA

Yanzu ku sake duban ƙa'idar takardar. Tana auna hayaƙi. Tana auna shekarun tasha. Tana auna awa. Ba ta tambayar ko ƙauyen da ke jikin shingen tashar yana da fitila. Ba ta tambayar gaba nawa ruwan rijiya ya ja baya. Ba ta tambayar gonar wa aka shimfiɗa allunan hasken rana a kai, ko burtalin wa aka toshe. Za a iya yin haidurojin a ƙasar da aka ƙwace, da ruwan da aka janye wa makiyayi, a gefen makarantar da ba ta da ƙwan fitila ko ɗaya, takarda ta fito da hatimi ta ce mai tsabta ce. Ba su yi ƙarya ba, hayaƙi suka auna. Amma tsabtar da aka auna a bakin mai saye kaɗai, rabin tsabta ce.

Ku dubi Namibiya. A can kamfanin Hyphen ya shirya aikin wajen dala biliyan 10 kusa da garin Ludaris, cikin gandun dajin gwamnati. Gwamnatin ƙasar ta yi ciniki har ta sami damar riƙe kashi 24 cikin 100 na hannun jari, wannan ya nuna ciniki yana yiwuwa. Amma shugabannin ƙabilar Nama sun ɗaga murya a kan faɗaɗa tashar jirgin ruwa a gefen tsibirin da sojan mulkin mallaka na Jamus suka tsare kakanninsu daga 1905 zuwa 1907, da yawa suka mutu a wurin. Wane layi ne a cikin lissafin hayaƙi zai ɗauki wannan?

AMSA GA MUTUM BIYU

Mutum biyu za su yi mana gardama, mun san su duka.

Na fari shi ne mai gaggawa, ɗan amshin shata, wanda ko wace takarda aka miƙo masa da tambarin waje sai hannunsa ya fara rawa. Zai ce, "Kuna ɓata lokaci, kasuwa za ta wuce mu." Muna ce masa, wace kasuwa? A watan Yuli 2024 kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai da kanta ta ce burin nan na tan miliyan 10 ba a gina shi a kan lissafi mai ƙarfi ba. Cinikin farko da asusun H2Global na Jamus ya ƙulla a 2024, amoniya ce daga Masar, kuma an sa 2027 a matsayin farkon kawo kaya. Haidurojin ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta digiri 253 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, shi ya sa a ke juya ta amoniya kafin a ɗora wa jirgi. Mu kuwa tsakaninmu da teku akwai nisa ƙwarai. Bututun man Agadem mai kusan kilomita 2,000 ya koya mana a 2024, lokacin saɓani da Benin, cewa wanda ba shi da bakin teku, ƙofarsa tana hannun maƙwabci. Wanda ya ba da fili da ruwa na shekara 40 a kan alkawarin kasuwar da ba ta ci ba tukuna, ya sai da akuya a kan kuɗin da ba a buga ba.

Na biyu shi ne mai fushi, wanda zai ce, "A kore su duka, ba ruwanmu da haidurojin, ba ruwanmu da taronsu." Zuciyarsa mun fahimce ta, amma shawararsa ba ta fisshe mu. Kujerar da ka ƙi zama a kanta ba a barinta wofi, wani ke hawa. Tun watan Oktoba 2023 Turai ta fara tambayar lissafin hayaƙi a kan ƙarfe da siminti da taki da haidurojin da ke shiga ƙasarta, kuma bankunan da ke ba da rancen tashoshin rana irin waɗannan takardu su ke dubawa. Ƙa'idar za ta same mu ko mun je taro ko ba mu je ba. Ban da haka, mu ma muna da bukatar abin. Kun tuna yadda buhun taki ya yi tsada a 2022 har manoman aya da yawa suka rage gona. Ƙasar da ke da rana, tana da dutsen fosfat a Tawa, in ta iya yin amoniya da kanta, ta kama hanyar yin takinta. Hajar da ta fi mana amfani ita ce wadda za ta tsaya a gonar gero, ba wadda za ta hau jirgi ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Kada kuma wani ya ce ilimin ya fi ƙarfinmu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu. Ya shugabanci hukumar hasken rana ta ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗumama ruwa da rana tun duniya ba ta farka ba. Tun 2021 jami'ar nan tana cikin jami'o'i huɗu na Afirka ta Yamma da ke koyar da babban digiri a kan haidurojin da taimakon Jamus. Wannan haɗin kai ne na gaske, mun yaba. A Mali, a ƙauyen Burakebugu, masu haƙa rijiya a 1987 suka faɗa kan haidurojin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa, kusan tsantsa, daga 2012 kuma aka ba ƙauyen wuta da ita. Abin da aka fara yi da ita ke nan, haskaka masu ƙasar. A Ɗan Saga ta Agye da ƙauyukan da ke kewaye, manoma suka yi sassaben zamani, suka kafa kwamitin tsaron itace, suka yi wa kansu doka suka bi ta, har gawo da kalgo suka dawo. A ƙasar nan an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Mutanen da suka iya wannan sun iya rubuta ƙa'ida, sun iya tsare ta.

ABIN DA MU KE NEMA

1. Ko wace yarjejeniya da aka sa wa hannu a kan haidurojin, ta jiya da ta gobe, a buga ta a fili, a juya ta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a karanta ta a rediyo.

2. Nijar ta aika masananta su zauna inda a ke rubuta ƙa'ida, a ISO da hukumar ma'aunai ta Afirka, ARSO, su tafi da murya ɗaya da Mali da Burkina Faso da Najeriya da sauran maƙwabta. Ƙasashe shida na Afirka sun kafa ƙawancen haidurojin tun watan Mayu 2022. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Yarda da takardar juna ta zama ta juna da gaske. A horar da masu dubawa 'yan ƙasa, a ba hukumarmu ta ma'auni, ANMC, kayan aiki, hatiminta ya ci a Hambug da Rotadam kamar yadda nasu zai ci a Yamai. Kada mu riƙa biyan baƙo kuɗin jirgi da masauki domin ya zo ya shaida mana cewa ranarmu rana ce.

4. A ƙara layi uku a kan takardar: ruwa nawa aka ja kuma daga ina, filin wa aka yi aiki a kai kuma da yardar wa, wuta nawa aka bar wa mutanen wurin. Kayan da bai cika waɗannan ba kada a kira shi mai tsabta.

5. Kada a ba da taƙi ɗaya na gona ko burtali sai an bi ta kwamitin ƙasa na ƙauye da dokar karkara ta tanada, a gaban masu gona da makiyaya, maza da mata.

6. A auna zurfin rijiyoyin wuri kafin a fara aiki, a riƙa aunawa ko wace shekara, a liƙa lambar a ƙofar mai gari. In ruwa ya ja baya, inji ya tsaya.

7. Wutar gari da makaranta da asibiti tukuna, sa'an nan taki, sa'an nan abin da ya saura a ɗora wa jirgi.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kakanninmu an kawo musu sikeli ba su iya karanta lambarsa ba, ba laifinsu ba ne. Mu an sa mu lakol, mun iya karanta lambar, in aka sake auna mu da tiyar da ba mu gani ba, laifin namu ne. Ku kai wannan takarda majalisar gari da tashar mota da gindin bishiyar hira. In wani babba ya zo daga Maraɗi ko Yamai da maganar haidurojin, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa ya sha, sa'an nan ku tambaye shi: ruwan wa, filin wa, hatimin wa?

Haza wasalam.

Daga wani monita, Cadawa.